Shekara biyu ta aikin sa-kai a Gambiya: in tafi ko in haƙura?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da lissafi a wata kwalejin ilimi a nan Arewa. Ina son neman shiga shirin TAC, wanda gwamnatin Najeriya ke tura ma'aikata ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik su yi shekara biyu, kuma zuciyata ta karkata ga Gambiya. Ina da mata da yara uku, mahaifiyata ma tana hannuna, ga ta da hawan jini. Abokan aiki kowa lissafin dala yake yi mini. Ni so nake in ji daga bakin waɗanda suka taɓa zuwa: me zan tanada, kuma anya mai iyali irina ya dace ya tafi?

Malam Garba Tsohon Ɗan Sa-kai:
Wa alaikumus salam Malam. Na koyar a garin Brikama na Gambiya ƙarƙashin wannan shiri. Tun 1987 aka kafa shi, zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje, kuma tsarinsa shi ne ƙasashen ke faɗin irin ma'aikatan da suke buƙata. Don haka kada ka ɗora ranka a kan Gambiya kaɗai, ana iya cewa Yuganda ko Saliyo ko Zanzibar. Najeriya ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓe ka ta ba ka masauki.

Kafin komai, ka karɓi takardar izinin barin aiki daga kwalejinku a rubuce, a fayyace maganar albashinka da ƙarin girma da fansho. Alkawarin baki ba ya tsira idan aka sauya shugaba kana can. Ka yi katin rigakafin shawara, fasfonka kuma ya kasance zai wuce wa'adin zamanka. Ka riƙe guzurin da zai ɗauke ka watannin farko, domin buɗe asusun banki da sayen kayan ɗaki a baƙuwar ƙasa suna cin lokaci da kuɗi.

In Allah Ya sa Gambiyar ce, zama ba zai yi maka wuya ba. Mafi yawansu Musulmi ne, ga masallatai, ga shinkafa da miyar gyaɗa da suke kira domoda, ga shayin ataya duk yamma. Da Turanci ake karatu, amma kasuwa da motar haya na yarukan Mandinka da Wolof ne. In kana jin Fulatanci ka rage hanya. Abin da ya fi damuna in faɗa maka shi ne aikin kansa. Za ka tarar da aji cike, littattafai kaɗan, kuma ba a son baƙon da zai riƙa cewa "mu a Najeriya kaza muke yi". Ka nemi matasan malamai biyu ko uku 'yan ƙasar ka riƙe su kusa, ku tsara darussa tare, ka bar musu duk abin da ka rubuta. Wani da na riƙe haka har yau shi ke koyar da darasin da na fara, kuma wannan ya fi mini alawus ɗin daraja nesa ba kusa ba.

Maman Hanifa:
Malam, ka yi haƙuri in sa baki, ni ce aka bari a gida lokacin da maigidana ya yi irin wannan tafiya. Kuɗi na zuwa, amma kuɗi ba ya kai yaro asibiti da tsakar dare. Ka zauna da matarka ka ji ra'ayinta na gaskiya, ba "to" ta kunya ba. Ka faɗa wa 'yan'uwanka a gabanta wane ne zai riƙa kai Hajiya ganin likita, wa zai sayi magani, kuɗin cefane kuma ta hannun wa zai bi. Mu wannan na ƙarshe ne ya kusa haɗa ni da dangin miji. Sannan ka tuna sahabin da ya nemi izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya mayar da shi ya kula da su. In Hajiya ba ta saki ranta ta sa maka albarka ba, ka jira wani zagayen.

Ɗan Maraɗi:
Ƙari kaɗan ga matasan da ke karantawa: akwai shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, mai hedikwata a Bonn ta Jamus, da na matasan Tarayyar Afirka da aka ƙaddamar a Abuja a 2010, na wata goma sha biyu. Ta shafinsu na intanet ake nema, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na "gurbi" ɗan damfara ne.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya ban ma tunkare ta da maganar ba tukuna, ranar Juma'a zan je tare da yayana. Malam Garba, ana iya zuwa gida hutu a tsakiyar wa'adin?

Malam Garba Tsohon Ɗan Sa-kai:
Wannan ka nemi a nuna maka shi a takardar yarjejeniya kafin ka sa hannu, har da wanda zai biya kuɗin jirgi. Ni dogon hutun makaranta na damina na yi amfani da shi, kuma tun watan farko na fara ware kuɗin tikiti.