Rigimar “tsohuwa”: firintar da ta ƙi buga rasit

Mai Rasit: Jama'a, ku taya ni ji. Yau kwana huɗu ba mu buga rasit ko ɗaya ba a wurin aikinmu na sarin kayan masarufi a Kano. Firintarmu ta mutu, Oga ya sayo sabuwa dal. Na jona ta da laftof, tana bugu lafiya lau, amma daga AS/400 ɗin nan, babbar kwamfutar IBM da muke fitar da rasit da ita, shiru kake ji. Takardu sun taru a layin jira, direbobi na bakin ƙofa suna zagina. Ni dai na faɗa: duk kamfanin da har yau yake riƙe da wannan tsohuwar na'ura mai koren allo, kansa yake cuta.

Baba Injiniya: Yaro, wa kake kira tsohuwa? IBM ta fito da AS/400 a 1988, zamanin Babangida. A 2000 sunan ya koma iSeries, tun 2008 kuma IBM i ake cewa, a kan injinan Power. Ka fara sanin sunan abin da kake zagi tukuna.

Ɗan Linux: Baba, ko an ƙunsa wa tsohuwa lalle ba ta komawa budurwa. An yi ta sauya suna, allon dai yana nan kore.

Baba Injiniya: Kai da manhajar Linux ɗinka ta 1991, shekara uku kacal ce tsakaninsu. Ita tsohuwa, shi jariri ko?

Mai Rasit: Baba, da girmanka, amma 'ya'yana uku. A daina ce min yaro.

Anti Akanta: Ni shekarata goma sha biyu ina rufe lissafin wata a kanta, ko kwabo bai taɓa salwanta ba. Laftof ɗinku kuwa, ana ɗauke wuta kun shiga salati.

Ɗan Linux: Anti, wannan aikin batir da janareta ne, ba albarkar IBM ba ce.

Anti Akanta: Ƙanena, ranar da ka taɓa biyan albashin mutum ɗari sai ka dawo mu yi magana.

Malam Shiru: Mai Rasit, wace irin firinta ce? Injin nan da EBCDIC, tsarin haruffan IBM, yake rubutu, rasit ɗinka kuma da tsarin bugun IBM mai suna SCS yake fita, firintar ofis ba ta jin wannan yaren. Sai ka kunna Host Print Transform, mai fassarar da ke cikin injin, ya juya shi zuwa PCL, yaren da firintocin ofis da yawa ke ji, ka zaɓi samfurin firinta irin *HP5. Hanya biyu ce: ko umarnin CRTDEVPRT da lambar IP ɗin firintar, wato adireshinta a network, ta ƙofa (port) 9100, ko umarnin CRTOUTQ ta LPD, wata hanyar aika bugu ta network, ƙofa 515, sannan ka tayar da shi da umarnin STRRMTWTR. Ka kuma leƙa layin jiran bugu da umarnin WRKOUTQ, wani lokaci saƙo ne kawai yake jiran a amsa masa. Amma fa in 'yar arahar nan ce da sai Windows ta tauna mata shafi, wadda ba ta san PCL ba, duk wannan ba zai yi ba.

Ɗan Linux: Kun gani ko? Sai an ɗauko mata tafinta kafin ta yi magana da firinta. In ba tsufa ba, mene ne wannan?

Baba Injiniya: Sarki ma da tafinta yake ganawa da baƙi. Mu da muka ja twinax, wayar jona allo da firinta da injin, da hannunmu, ba ɗan jiya ne zai koya mana ba.

Ɗan Linux: To ga shi da bakinka ka faɗa, twinax! Yanzu wa zai samo maka ita a kasuwar Farm Centre?

Yaron Oga: Ni tambayata, me ya sa kuke ta cewa “injin”? Ai server ce, uwar garke ake cewa da Hausa.

Anti Akanta: Uwar garke kuma? Awaki muke kiwo?

Yaron Oga: Anti, haka na gani a rubuce.

Anti Akanta: A ina?

Yaron Oga: Zan nemo miki.

Baba Injiniya: Manyan bankuna a duniya da ita suke aiki.

Ɗan Linux: Kawo sunan guda ɗaya.

Baba Injiniya: Ba ni zan yi maka jinga ba, je ka bincika.

Admin: To, ya isa haka. Ga abin da aka cimma, kuma ba don Baba ne ya koya min aiki nake faɗa ba. An tabbatar na'urar ba tsohuwa ba ce, sunanta IBM i, duk wanda ya sake rubuta AS/400 zan goge. Anti ta kawo hujja daga aikinta, Ɗan Linux bai kawo komai ba sai baƙar magana. Mai Rasit, ya kamata ka ba Baba haƙuri. Maganar uwar garke a bar ta sai wani jiƙon.

Ɗan Linux: Admin, ina sunan bankin?

Malam Shiru: Mai Rasit, har yanzu ba ka faɗa min samfurin firintar ba.

Mai Rasit: Malam, yi haƙuri, sai yanzu na ga saƙonka a cikin wannan hayaniya. Kwalin yana motar Oga, ita kuma firintar yanzu ya ɗauke ta ya kai ofishinsa. Ya ce mu ci gaba da rubuta rasit da biro.