Neman kalmar Hausa: me za mu kira hospice?

Jama'a, sallama. Kwanakin baya aikin fassara ya haɗa ni da kalmar Turanci hospice, wato kulawar da ake bai wa majinyacin da likitoci suka ga ya kusa rasuwa, na tambayi abokan aiki, sai aka ba ni "gidan jiran mutuwa" da "asibitin masu ciwon ajali", amma babu wadda ta kwanta mini. Ta farko dai babu ɗan da zai yarda ya kai mahaifiyarsa inda aka rubuta haka a ƙofa. Ta biyu kuwa ta saɓa wa yadda muke magana, domin ba a cika kiran cuta ciwon ajali ba sai bayan mai ita ya cika. Muddin yana numfashi, cewa ake yi jiki ya yi tsanani, ko kuma likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu.

Tushen kalmar daga Latin yake, inda hospes ke nufin baƙo, ke kuma nufin mai masaukinsa. A Turai ta dā, masauki ne da malaman coci ke tanada domin matafiya da masu ziyarar ibada. Ma'anar da ake amfani da ita yau ta kafu ne a 1967, lokacin da Cicely Saunders ta buɗe cibiyar kula da irin waɗannan majinyata mai suna St Christopher's a Landan. Wannan mata ta yi aikin nas kafin ta zama likita, kuma ta dage a kan abu biyu: a riƙa bai wa majinyaci morfin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, a kan lokaci, kada a jira sai raɗaɗi ya dawo ya fara roƙo, sannan a gane cewa ciwon wanda ya kusa rasuwa ba a jiki kaɗai yake ba, akwai tsoro da kaɗaici da tunanin iyalin da zai bari. Ita kanta a can ta rasu a 2005.

Abin da ya sa na ƙi "gida" da "asibiti" gaba ɗaya shi ne, abin ba gini ba ne. A Amurka, inda shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, ya amince da biyan kuɗin wannan kulawa tun dokar 1982 ga wanda likitoci suka ƙiyasta saura masa wata 6 ko ƙasa da haka, galibin majinyata a inda suke zaune ake kula da su. Haka ma a Uganda, inda Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993, ma'aikata ne ke bin gidaje da morfin na ruwa. Saboda haka kalmar da ya kamata mu ɗora fassarar a kanta ita ce jinya, wadda dama ta ƙunshi juya marar lafiya, da goge masa jiki, da jiƙa masa leɓe, da kwana a zaune kusa da shi.

Akwai 'yar'uwar hospice, wato palliative care, kalmar da likita Balfour Mount ya ƙirƙiro a Montreal a shekarun 1970, saboda a kunnen masu jin Faransanci hospice gidan gajiyayyu ce. Ashe damuwar tamu ba sabuwa ba ce. Ita palliative care ba ta ba ni wahala ba: jinyar sassauci ta wadatar, tunda ana iya fara ta ko ana cikin neman waraka.

Ga hospice kuwa, shawarata ita ce jinyar rakiya, ginin da aka keɓe mata kuma a kira shi masaukin rakiya. Mai rakiya ba ya tura baƙo ya yi sauri, ba ya kuma riƙe masa riga ya hana shi tafiya. Yana takawa ne daidai da takunsa, yana ɗauke masa kaya, har zuwa inda ƙafarsa za ta iya kaiwa, sannan ya juyo. Wannan daidai yake da ƙa'idar aikin, wato ba a gaggauta mutuwa, ba a kuma jinkirta ta da ƙarfin na'ura. Juyowar ma tana da ma'ana, domin ma'aikatan kan ci gaba da leƙa iyalin mamaci bayan an yi rashi.

Na san inda za a kama ni. Wani dattijo da na gwada masa kalmar ya ce, "Malam, ai rakiya gawa ake yi wa, ka binne mutum da ransa." Maganarsa tana da nauyi, tunda mukan ce an raka wane gidansa na gaskiya. Sai dai amarya ma raka ta ake yi, haka ɗalibi mai tafiya karatu, kuma kalmar jinya da ke gaba tana shaida cewa mutumin yana raye. Ya kawo "jinyar lallaɓawa" a madadi, ni kuwa ina jin ƙanshin yaudara a cikinta, kamar ana ɓoye wa majinyaci halin da yake ciki.

Na saka jinyar rakiya a fassarar. Nas-nas da likitocin da ke cikinmu, ku da kuke furta irin wannan magana a gaban iyalai, ku gaya mana ko za ta faɗu a bakin gado.