Madubi ne ko ido? Neman sunan gilashin gaban kyamara

Mai tambaya, daga Ƙofar Nasarawa: Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu sana'ar hoto. Ina shirya wani rubutu da Hausa domin matasan da suke son ɗaukar hoto a kan tafiya, irin waɗanda za su rataya kyamara su hau Dala da sassafe, ko su nufi Yankari, ko su nemi wurin tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, sai ga kalma ɗaya ta tsaya mini. Abin nan mai siffar gwangwani da ake ɗaurawa a gaban kyamara, a kwance shi a sauya wani, wanda 'yan kasuwa suke kira lensi, da wane suna ya dace a rubuta shi? Na ji masu cewa madubi, na ji masu cewa gilashi, kuma a fassarorin intanet ina yawan cin karo da "ruwan tabarau". Ina neman kalmar da za ta iya ɗaukar nauyin bayani mai tsawo, domin rabin maganar zaɓen kayan hoto da kula da su a kan wannan abu take.

Malamin Hausa, daga Gwale: Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai madubi nake koyarwa, kuma ina da hujja. Kalmar ta fito ne daga duba, a kan tsarin da ya ba mu mabuɗi daga buɗe da magogi daga goge, saboda haka asalin ma'anarta abin da ake dubawa da shi, ba lallai sai wanda mutum yake ganin fuskarsa a ciki ba. Shi ya sa dattawa suke kiran tabarau madubin ido, ake kuma kiran na'urar ganin ƙwayoyin cuta madubin likita. Game da "ruwan tabarau", kada a yi saurin yi masa dariya, domin ruwan da ke ciki irin na ruwan gatari ne, wato ɓangaren da yake yin aikin, saɓanin ƙota. Aibinsa kawai shi ne yana ɗaure da tabarau, kuma idan aka mayar da shi "ruwan kyamara", ranar da za ka gargaɗi yaro kada ruwa ya taɓa ruwan kyamararsa za ka gane an shiga ruɗu.

Mai gyaran kyamara, daga Sabon Gari: Allah ya gafarta Malam, nahawunka babu wanda zai ja da shi, amma a cikin kyamara akwai wanda ya riga ya karɓe sunan madubi. Irin manyan kyamarorin da aka saba gani a hannun masu hoton biki, idan ka cire lensi ka leƙa ciki za ka ga madubi na gaske a karkace, wanda aikinsa shi ne ya karkata haske zuwa sama domin mai ɗauka ya ga abin da zai ɗauka, kuma da zarar an danna sai ya ɗaga ya ba haske hanya, shi ne wannan ƙarar da ake ji. Tun daga 2008, lokacin da kamfanin Panasonic ya fitar da Lumix G1, aka fara yin kyamarorin da ake sauya musu lensi amma aka cire musu wannan madubin. Sony ya biyo da A7 a 2013, sannan Canon da Nikon suka shigo da nasu manyan a 2018, kuma a yau duk wanda zai sayi kyamarar tafiya tambayar farko da za a yi masa ita ce mai madubi yake so ko marar madubi, domin marar madubi ta fi ƙanƙanta da sauƙin ɗauka. To idan lensi ne madubi, "kyamara marar madubi" ta zama wadda ba ta iya ɗaukar komai ke nan. Gilashi ma ba zai yi ba, saboda a cikin lensi guda ɗaya akan jera gilasai goma ko fiye, ga injin da yake motsa su, ga wayoyi, kuma mu masu gyara muna bukatar mu iya cewa gilashin gaba ne ya karce, ko gilashin ciki ne ya yi fumfuna.

Malamin Hausa: Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na janye madubi a kan abin da ya shafi kyamara. A ajin kimiyya dai ina nan a kansa.

Ɗaliba mai nazarin Hausa, daga Kabuga: Malamaina, a yi mini afuwa in sa baki. Me zai hana a bar kalmar aro yadda take? Hoto ma aro ne, har ya samu jam'i irin namu, hotuna, kuma majigi daga sunan Turanci na fitilar nuna hotuna ya fito, babu wanda yake jin baƙuntarsa a yau. Turawan ma ba wata hikima mai nisa suka yi ba, domin kalmar tasu daga sunan wani ɗan wake mai faɗi ta fito a harshen Latin, saboda kamar da ke tsakanin siffarsa da ta gilashin, kuma Larabawa sun bi wannan hanya suka ce adasa, daga adas. Tunda wannan wake ba abincinmu ba ne, ba za mu iya bin sawunsu ba, sai dai mu ara.

Mai tambaya: Malama, aro ba laifi ba ne, kuma akwai inda zan goyi bayanki nan gaba. Damuwata da lensi ita ce kalmar ba ta haihuwa. Wanda bai taɓa riƙe kyamara ba, idan ka ce masa lensi, ba ka gaya masa komai ba, kuma duk sassan da ke tare da shi sai ka sake aro musu sunaye ɗaya bayan ɗaya, har jimlar ta koma Turanci da ɗan gishirin Hausa. Tun da na karanta bayanin mai gyara nake ta juya "idon kyamara" a raina. Ta nan haske yake shiga, shi ne yake tattara hasken ya daidaita shi, kuma yana da wata kafa a tsakiya mai buɗewa da tsukewa kamar yadda baƙin idon mutum yake yi tsakanin rana da duhu. Wannan kamanci ba mu muka fara lura da yadda yake aiki ba, domin Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen 965 ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya yi bayanin cewa haske ne yake tasowa daga abubuwa ya shiga ido, kuma ya yi gwaje-gwaje da hasken da ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa. Ita kanta kalmar kyamara ɗaki take nufi a Latin.

Mai hoton biki da hawa, daga Fagge: Yaya, na gwada kalmarka a kan aikina, kuma ta zauna. Akwai ido mai faɗi, wanda lambar da ke rubuce a jikinsa take ƙasa, kamar 16 ko 24, shi ne na ɗaukar gari daga kan Dala ko Gwauron Dutse, ko ramukan rini na Ƙofar Mata gaba ɗayansu. Akwai ido mai hange, daga 70 zuwa 200 ko sama da haka, wanda idan babu shi ba za ka samu fuskar mahayi ranar hawa ba sai ka shiga gaban dawakai, abin da dogarai ba za su bari ba, kai ma bai kamata ka so ba. Wanda ake murɗawa ya kawo abu kusa ko ya mayar da shi nesa, yaranmu sun riga sun ba aikin suna, suna cewa a zuƙo, saboda haka ido mai zuƙowa ya wadatar. Wanda ba ya zuƙowa kuwa, kamar mai lamba 35 ko 50, sai mu ce kafaffen ido. Shawarar da nake ba mai tafiya ita ce kada ruwan ido ya sa ya cika jaka. Ido mai zuƙowa na 24 zuwa 70 zai yi masa yawancin aiki, ya haɗa da kafaffe guda ɗaya mai lamba 50, wanda ba shi da nauyi ko tsada kuma yana gani sosai a lungunan Kasuwar Kurmi inda rana ba ta sauka. Tsohon samfurin mai hange na 70 zuwa 200 da muke amfani da shi ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuma wanda ya yini da shi a wuya ya san ba abin yawon buɗe ido ba ne sai da dalili. A kuma sanar da masu saye cewa a wasu ƙananan kyamarori lambar tana ƙaruwa da kusan rabi, har ido mai 50 ya riƙa gani kamar mai 75, ko 80 a na Canon.

Malamin Hausa: Sauran abu biyu kafin in sa hannu. Kafar da Malam ya ambata a kira ta kafar haske, domin kafa ta fi ƙofa dacewa da ƙaramin rami, sai dai a yi wa mai karatu bayani cewa lambarta a juye take: 1.8 buɗaɗɗiya ce, 16 tsukakkiya, kuma daga 2.8 zuwa 4 hasken da ke shiga yana raguwa da rabi. Na biyu, 'yar tagar baya da mai ɗauka yake kafa idonsa a kai, kada wani ya kira ta ido ita ma. Maleƙa ya dace da ita, a kan tsarin majema da marina, wato wurin leƙawa.

Ɗaliba: To Malam, ɗan farantin nan na ciki da yake karɓar hoton a madadin fim fa? Idan muka bi tsarin mabuɗi daga kama haske, makami za mu samu.

Mai tambaya: Nan ne na ce zan goyi bayanki. A bar shi sansa, kamar yadda masu sana'a suke faɗa, domin ba kullum ake ambatonsa ba, kuma duk ƙirƙirar da na gwada ta fi aron nauyi a baki.

Mai gyaran kyamara: Bari in gwada kalmomin a kan gargaɗin da nake yi wa masu kawo mini gyara, in ga ko za su riƙe. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu take kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kada a sauya ido a fili. A shiga mota ko ɗaki, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a yi sauyin da sauri, kuma wannan ya fi zama dole ga marar madubi, saboda a yawancinsu da an cire ido sansa yana nan a buɗe babu abin da ya kare shi. Alamar ƙura ta hau sansa ita ce ɗige-ɗige a sararin sama a wuri ɗaya cikin kowane hoto, musamman idan an tsuke kafar haske. Gilashin gaba kuma kada a goge shi da bakin riga ko hula, domin ƙurarmu yashi ce mai kaifi. A fara hure shi da ɗan famfon roba, ba da baki ba, sannan a shafa ƙyalle mai laushi wanda ba a aikin komai da shi sai wannan. Da damina, musamman a Agusta, abokin gaba shi ne danshi, wanda yake haifar da fumfuna a gilasan ciki, ta yi zare-zare har ta ci rufin gilashin, kuma idan ta kai nan wanki ba ya mayar da shi yadda yake. Maganinta kada a bar ido watanni a rufe cikin jaka ko ƙasan akwati, a ajiye shi a mazubi mai murfi tare da ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi, a kuma riƙa fito da shi ana aiki. Da bazara kada a bar jaka a cikin mota a rana, domin zafi yana kashe batir, yana kuma narkar da man da ke cikin ido ya gangaro kan ganyayen da ke buɗe kafar haske da tsuke ta, su riƙa maƙalewa. Ban ji inda kalma ta yi mini tuntuɓe ba.

Mai hoton biki da hawa: Ni ma na karɓa a rubuce, amma a gaya wa matasan gaskiya cewa idan suka shiga shago suka ce a ba su idon kyamara, mai shago zai tsaya yana kallonsu.

Mai tambaya: Haka ne, ƙanena. A farkon rubutun zan ce idon kyamara, wanda a kasuwa ake kira lensi, daga nan in ci gaba da ido kaɗai, jam'i kuma idanun kyamara. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ya rage, domin wasu suna cewa sitan, wasu mai ƙafa uku, kuma ina so Malam da mai gyara su fara faɗin nasu kafin in faɗi nawa.