Neman shawara: ta yaya zan gane ko bayanin manhajata ya ishi wakilin AI?

Mai tambaya, Barnawa: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina kula da rumbun bayanan wani kamfanin dillancin magunguna a nan Kaduna, ni kaɗai, domin wanda na gada ya koma Abuja bai bar mini ko takarda ɗaya ba. PostgreSQL, wata manhajar sarrafa rumbun bayanai, muke amfani da shi, kuma duk ƙarshen wata, idan rassa suna rufe lissafi, sai ya yi nauyi har a riƙa kirana bayan sallar isha'i. Shi ya sa na rubuta ƙaramar manhaja mai karanta pg_stat_statements (inda PostgreSQL ke tara ƙididdigar umarnonin da aka gudanar), ta fito da umarnonin da suka fi cin lokaci, ta gudanar da EXPLAIN ANALYZE a kansu, na kuma haɗa ta da wakilin AI (manhajar AI mai aiwatar da aiki da kanta) ta hanyar MCP, ƙa'idar da ke haɗa irin wannan wakili da manhajoji. Bayanin da na rubuta mata domin wakilin ya san aikinta layi ɗaya ne: "Tana duba saurin rumbun bayanai." Ranar Talata wakilin ya ɗauko wani umarnin UPDATE, ya cike gurabun $1 da $2 (alamomin da ke tsayawa a madadin ƙimomin umarnin) da kansa, ya tura mata, sai farashin kaya ya canja a teburin gaske. Na maido da shi daga ajiyar daren Litinin, amma hankalina bai kwanta ba. Da wane ma'auni zan auna bayanin kafin in sake kunna ta?

Injiniya, Kawo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka bar maganar bayani tukuna. EXPLAIN kaɗai tsarin aiki yake nunawa, amma EXPLAIN ANALYZE yana zartar da umarnin da gaske, kuma takardun PostgreSQL sun faɗi a sa shi tsakanin BEGIN da ROLLBACK idan yana rubutu. Wanda ya ba wakili asusun da ke iya rubutu, shi ya buɗe ƙofar. Ka yi masa asusu mai karatu kawai, ka ƙara masa pg_read_all_stats (izinin ganin ƙididdiga), ka sa statement_timeout (iyakar lokacin kowane umarni), magana ta ƙare.

Malama, Unguwar Rimi: Injiniya, gaskiya ka faɗa, amma ba ita ce tambayarsa ba. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar. Sunanta da bayaninta da tsarin abin da za a shigar kawai yake karantawa. Malam, ka miƙa bayanin ga wanda bai taɓa ganin aikinka ba, ka tambaye shi ko manhajar tana taɓa bayanai, yaushe bai kamata a kira ta ba, kuma lambar da take mayarwa sakan ce ko milisakan. Idan ya kasa, wakilin ma zai kasa. Sannan ka tanadi buƙatu ashirin, ka gwada su a kwafin rumbun, ka ƙirga sau nawa ya kira ta daidai.

Mai tambaya: Na gode. Sai dai ba sakaci ya sa na ba ta asusun mai rubutu ba. Umarnonin da ke damunmu duk na rubutu ne. Na kuma taƙaita bayanin ne domin kada ya cinye wa wakilin wuri, tunda akwai iyaka ga rubutun da yake iya riƙewa a lokaci ɗaya.

Wani ɗan uwa, Kakuri: Ni ma abin da nake fama da shi ke nan. Wata shida ina roƙon a saya mana sabar gwaji, oga yana cewa babu kuɗi, amma da na ƙirƙiri fihirisa ba tare da CONCURRENTLY ba (zaɓin da ke barin a ci gaba da rubutu yayin ƙirƙirar ta), teburin ya ƙi karɓar rubutu ana tsakar ciniki, ni aka ɗora wa laifi a gaban kowa.

Injiniya, Kawo: Kun ji dai. Ko readOnlyHint ɗin da MCP ya tanada, alamar cewa manhaja karatu kawai take yi, ishara ce kawai, ba ta hana komai. Bayani ba kwaɗo ba ne.

Malama, Unguwar Rimi: Amma ko an kulle ƙofar, wakilin da ya ɗauki milisakan 900 a matsayin sakan 900 zai ba da shawara mara kyau. Malam, wane bugun PostgreSQL gare ku? Daga na 13 aka raba total_time, wato jimlar lokacin umarni a pg_stat_statements, aka samu total_exec_time, don haka ka duba wanne manhajarka take karantawa.

Mai tambaya: Zan duba gobe in Allah ya kai mu. Amma kwafin gwajin nan, Malama, a ina zan ajiye shi, alhali saba ɗaya muke da ita?