Lungunan Kurɗuba da na tsohuwar Garwa: shin addini ne ya tsara su?

Malamin makaranta, Garwa

Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare, kuma makon jiya na nuna wa ɗalibai taswirar tsohon birnin Kurɗuba na Andalus, a ƙasar Sifen ta yau. Wani yaro ya ce ai wannan unguwarsu ce sak, saboda lungunan da ke murɗewa su ƙare a ƙofar gida ɗaya, sai ɗan'uwansa ya ce garin Musulmi haka yake, miƙaƙƙen titi kuwa na Kiristoci ne. Zuciyata ba ta kwanta da wannan rabo ba, kuma ban so in ba su amsa da ka. Ina roƙon masana su ƙara mini haske.

Almajirin fikihu, Marwa

Wa alaikumus salam, Malam. Yaron farko ya yi kyakkyawan gani, domin mutanen Andalus Malikiyya ne kamar mu, kuma alƙalansu sun gina hukuncin maƙwabtaka a kan hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Ibnur Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce: tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci a toshe ta, sabuwar ƙofa kada ta kalli ƙofar wani, ruwan indararo kada ya ci katangar da ba taka ba. Hadisi kuma ya ce idan aka yi saɓani kan hanya a bar mata kamu bakwai, abin da zai ishi dabba da kayanta.

Sai kuma rabon gado. Da aka raba gidan kakanmu uku, an yanki siririyar hanya a gefen rijiya domin gwaggona ta sami mafita ba tare da ta ratsa zauren ƙanenta ba, kuma yau wannan hanyar lungu ce mai gidaje huɗu. Wanda ya kira wannan rashin tsari bai san cewa kowace kwana tana da shari'ar da ta haife ta ba.

Mai zanen gine-gine, Injamena

Na yarda da Malam na Marwa, amma yaro na biyu ya yi kuskure. Miƙaƙƙen titi ya girmi addinan biyu, kuma Kurɗuba kanta birnin Rumawa ce kafin Larabawa su zo. Yawancin garuruwan Kiristocin Turai na wancan zamani su ma a murɗe suke, alhali Halifa Mansur ya zana Bagadaza a da'ira tun 762.

Abin da sarakunan Kirista suka fi taɓawa shi ne tsakiyar gari. Masallacin Kurɗuba, wanda Abdurrahman na ɗaya ya fara wajen 785, ya zama coci bayan cin garin a 1236, amma sai a 1523 aka rushe wani sashe na ginshiƙansa aka dasa babbar majami'a a cikinsa, aikin da har yau nake ganin ɓarna ne duk da kyawunsa. A birnin Ishbiliya (Seville) an bar hasumiyar masallacin daular Muwahhidai da aka gama a 1198, aka ɗora mata ɗakin ƙararrawa da aka kammala a 1568. Sabon salon Italiya, mai son fili a buɗe da gida mai nuna fuskarsa ga titi, ya shiga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta Garnaɗa, da fadar Sarkin Sifen Sharl na biyar a 1527, ginin murabba'i mai zagayayyiyar tsakar gida. A Istanbul abin ya juya: majami'ar Aya Sofiya ta zama masallaci a 1453, kuma daga ƙubbarta Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya ɗauki darasin da ya gina masallacin Sulaimaniyya da shi.

Magini, Ngaundere

Ranku ya daɗe, kada a manta da masu riƙe da cebur. Sarki Pedro na Kastila Kirista ne, amma da ya tashi gina fadarsa a Ishbiliya a 1364 magina Musulmi ya nema, har aka rubuta yabonsa da Larabci a jikin bango. Malam, ka kai yaran nan ƙofar fadar Lamiɗo su auna faɗin fili, sannan su shiga lungun da ke bayanta su auna da kamu.