911 ɗin mahaifinmu ta shekara 14 a kwance, ta ina zan fara tada ta?

Ɗan_Direba_TudunJukun

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin manyan motoci ku ba ni shawara, ku yi haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo.

Mahaifinmu Allah ya jiƙansa direba ne, ya bar mana Marsandi 911 bodin katako, takardunta sun nuna ƙirar 1976 ce, shi kuma ta hannu ya saye ta a 1984. Da ita ya yi ta jigilar auduga daga wajajen Giwa da Funtuwa, da rake daga Maƙarfi, da ita aka ci da mu aka biya mana kuɗin makaranta mu tara. Tunda ciwon ƙafa ya kwantar da shi ya ajiye ta a filin bayan gida ba ta sake motsi ba, shekara 14 kenan. Tayoyin sun nutse a ƙasa, gara ta cinye rabin katakon, kaji ma a ƙarƙashin kujerar direba suke ƙwai, amma wlh in ka buɗe ƙofar har yau warin gas ɗin nan yana nan, carbinsa ma yana rataye a jikin madubi ba wanda ya taɓa.

'Yan gwangwan sun zo sau uku suna tayawa, su kilo kawai suke lissafi, yayyena biyu sun ce a sallama. Ni kam raina bai ba ni ba. Malamin makaranta ne ni, ba haya zan yi da ita ba, so nake na riƙa taɓa ta duk Asabar ko shekara nawa zai ɗauka har ta koma yadda na san ta ina yaro. Wani ya ce a kawo batir a ba ta wuta mu ji me za ta ce, wani kuma ya ce a sauke injin gaba ɗaya a ɗora ɗan Kwatano. Wanne zan bi?

Baba_Makanike_Kwangila

Wa alaikumussalam. Jikana ke rubuta min ina faɗa masa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi maka albarka da wannan niyya.

Yarona kar ka bari kowa ya kawo batir kusa da motar nan tukuna, wanda ya ba ka shawarar nan bai taɓa ganin injin da aka kashe da gaggawa ba. Injin da ke cikinta OM352 ne in ba a canza ba, silinda shida a jere, kusan lita 5.7, inji ne mai haƙuri sosai, amma shekara 14 ringi ya manne da bangon silinda, in kik ya finciko shi da ƙarfi ko ringin ya karye ko ya kankare silinda, aikin kwana uku ya koma na wata uku.

Fara kwance ƙusar tiren baƙin mai a hankali ka ga me zai fara fitowa. In ruwa ne ya riga mai, to damina ta shiga ta salansa ko gasket ya tafi, sai mu sake magana. In mai ne zalla ka gode Allah. Sai ka cire nozul shidan, ka haɗa gas da ɗan baƙin mai ka zuba a kowane rami, ka toshe da tsumma mai tsabta ka tafi harkarka sati guda. Ka buɗe murfin sama ka ɗan ƙwanƙwasa kowane bawul da guduman roba ka ga yana sauka yana dawowa, domin wanda ya cije shi ke lanƙwasa sandar da ke tura shi. Bayan nan ka sa sifana a kan karanshaf ka juya da hannu, kaɗan gaba kaɗan baya, ba da ƙarfin tsiya ba. Ran da ya zaga sau biyu ba cijewa, injinka na da rai.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuma famfon injekta ne. Akwai sanda a cikinsa da ke ƙara mai da rage shi, in ta maƙale a buɗe aka tada mota, injin zai yi ta hawa ba ya jin kashewa har sai ya tarwatse, na ga wannan da idona a wani gareji, mutane gudu suka yi. Ka kai famfon da nozul wajen masu gwada su a kan na'ura, kuma ranar tayarwa wani ya tsaya da faffaɗan katako a bakin inda take shaƙar iska, in ta haukace ya toshe. Ba da tafin hannu ba. Tanki a sauke a wanke, tsohon gas ya zama kamar kunu yanzu.

Kuma ko ta tashi kar ta fita titi sai an sake duk robobin birki da tiyo, birkinta mai ne iska ke taimaka masa, tulun iskar ma tsatsa ta ciki ke cinye shi.

Maman_Ilham_Samaru

Ƙanina ni ban san komai a inji ba amma ka fara da maganar gado kafin ka sa ko sisi. Motar ta magada ce duka har da mata. A kira wanda ya san kuɗinta ya yi mata kima a gaban kowa, ka saye kason 'yan uwanka ko da biya kaɗan-kaɗan ne, a rubuta da shaidu. In ka gyara ta yi kyau sannan aka zo rabo, zumunci ne zai sha wahala. Takardunta ma ka tattara su wuri guda tun yanzu.

Sani_Sifiya_SG

Baba ya gama magana a kan tayarwa, amma ni gaskiya a kan canza inji ban ga laifi ba. In aka buɗe aka samu bulok ya tsage ko karanshaf ya wuce gyara, OM366 ƙanin 352 ne, kusan gida ɗaya suke zama, kuma kayansa sun fi yawa a kasuwa yanzu. Malamin makaranta ne fa, a duba aljihunsa.

Kaya kuwa ba za su gagare ka ba, irin motar nan an ƙera ta ba iyaka, Jamus ta fara fitar da masu gajeren hancin nan a 1959 kuma ba ta daina ba sai 1995, Brazil ma ta yi 1113 da yawa, ga kamfanin ANAMMCO da aka buɗe a Enugu a 1980 shi ma ya riƙa haɗa manyan Marsandi. Molue, manyan bas-bas ɗin hayar nan na Legas, ma da yawansu a kan shasin 911 aka gina su. Fara zagaya Sabon Garin Zariya, in babu ka tafi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, abin da ya gagara a aiko maka daga kasuwar Ladipo a Legas. Ka riƙa tafiya da tsohon a hannu kana gwadawa, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Gilashin gaba da fitilu da ƙarfen hancin nan mai tauraro su ne masu wuyar samu, in naka na nan lafiya ka cire su ka ɓoye a ɗaki yau ɗin nan.

Abu_Bedford

Malam Sani ka yi haƙuri a nan na saba da kai. Shi ba lodi zai ɗauka ba balle a ce ƙarfi yake nema, 911 ɗin ma ai ma'anarsa tan 9 da ƙarfin doki wajen 110, haka aka yi ta. In ka canza inji ka canza murya, kuma muryar nan ita yaro ke ganewa tun daga bakin layi ya ce ga Baba nan ya dawo. A gyara nata ko da sai an sa sabon hannun riga a silinda.

Ni Bedford ɗin kakana na tada, shekara huɗu na yi a kanta, sitiyarinta a dama yake saboda ta riga 1972 lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama, shi yasa iyakarta cikin gona. Kuskuren da na yi har gobe yana cina: na ba wani mai fenti ita ban tsaya a kai ba, ya kankare rubutun goshinta da zanen zakin da ke ƙofar baya ya shafe da shuɗi, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Wanda ya yi zanen ya daɗe da rasuwa, na kawo masu zane biyu ba wanda ya kamo shi. Dan haka kafin ka cire ko ƙusa ɗaya ka ɗauki hoton komai ta kowane gefe, katakon da gara ta ci ma kar ka ƙona, shi kafinta zai aza ya fitar da sabo, ka nemi madaci busasshe. In an sauke bodin ka kankare shasin ka duba inda sifirin ke riƙe, can yake tsagewa. Tayoyin kuma masu zobe ne, ka bar wa mai facin manyan motoci, zoben nan in ya fita da iska kisa yake.

Me aka rubuta a goshin taku?

Ɗan_Direba_TudunJukun

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yaya Maman Ilham na bi maganarki, mun zauna da kawunmu ranar Juma'a an yi mata kima, zan biya cikin wata goma, autarmu ma ta ce ta bar min kasonta.

Baƙin mai ne ya fito ba ruwa, alhamdulillah. Na jiƙa silindar kwana tara, jiya bayan la'asar na sa sifana, da farko ko gezau, ina ta gaba da baya har na ji ta saki kaɗan, kafin magariba ta zaga sau biyu, gas ya yi tsartuwa ta ramin nozul ya ɓata min riga. Hajiyarmu na tsaye a ƙofar gida tana kallo ba ta ce komai ba, sai da na shigo ta miƙo min makullin motar, ashe yana cikin adakarta duk shekarun nan. Inji nata zan bari Malam Sani, in dai bulok ɗin lafiya.

Abu, "Haƙuri Maganin Duniya" ne, ja a kan ruwan ɗorawa, harafi uku sun goge amma na ɗauki hoto. Baba wane mai gwada famfo ka yarda da shi a nan Zariya, ko sai na kai Kaduna? Na kwance shi yana cikin buhu.