QEMU ya mutu amma gwajin ya ƙi ƙarewa a macOS

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman taimako.

Muna da tarin rubutun shell da ke tayar da QEMU (manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta), su gwada faifai, su kashe. A Linux lafiya lau. Da muka kai su FreeBSD da macOS ne aka fara rigima. Ƙananan na gyara: `#!/bin/bash` ya koma `#!/bin/sh` tunda FreeBSD ba ta zuwa da bash, `sed -i` kuma na daina, ina rubutawa a fayil na wucin gadi in yi `mv`.

Inda na maƙale shi ne `timeout`, umarnin da ke kashe shiri idan wa'adinsa ya cika. macOS ba ta da shi, kuma ba na so in tilasta wa kowa ya saka coreutils ta Homebrew saboda `gtimeout` kaɗai. Sai na haɗa nawa:

`qemu-system-x86_64 ... & pid=$!`
`(sleep 300; kill $pid) &`
`wait $pid`

Idan an kira shi kai tsaye yana aiki. Amma cikin `out=$(run_vm)` (`run_vm` shi ne sunan da na ba layukan nan uku), QEMU ya gama a daƙiƙa 20, rubutun ya yi tsaye cak sai daƙiƙa 300 sun cika. Na duba `ps`, ga `sleep` nan zaune riƙe da bututun (pipe) da `$(...)` ke karanta sakamako daga gare shi. Na kashe ƙaramin shell ɗin da ke tafiyar da `(sleep 300; kill $pid)`, `sleep` ya zama maraya ya ci gaba abinsa. `wait -n` ma bai fisshe ni ba, sai bash 4.3 zuwa sama, macOS kuwa har yanzu 3.2 take lallaɓawa da shi.

Ta yaya zan sa wa QEMU wa'adi da sh na POSIX zalla, `sleep` ya mutu tare da shi, kuma lambar fitar QEMU ta dawo min daidai?

Na gode.